Daga Aljihun Mai Jari Zuwa Idon Mai Kallo: Tambayoyi Da Amsoshi Kan Kasuwar Fim

Yawancin masu kallo sun san sunan jarumi, wasu sun san na darakta. Kaɗan ne ke lura da tamburan kamfanonin da ke wucewa ɗaya bayan ɗaya kafin fim ya fara, alhali labarin kuɗin fim ɗin yana cikin waɗannan tamburan. Kowane tambari wani ne da ya zuba jari, ko ya ba da rance, ko ya sayi wani yanki na haƙƙin nunawa. Ga tambayoyin da masu sha'awar harkar suka fi yi, musamman waɗanda ke riƙe da rubutaccen labari suna neman inda za su dosa da shi.

Wa ke biyan kuɗin yin fim tun farko?

Hanya biyu ce, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Manyan kamfanoni irin su Disney da Universal da Warner Bros. da Paramount da Sony suna da kuɗinsu, bankuna sun san su, sannan su da kansu ke rarraba abin da suka yi. Duk da haka ko su ba sa son ɗaukar kasada su kaɗai. Titanic na 1997 ya lashe kusan dala miliyan 200, kuma kamfanoni biyu ne suka haɗu a kansa: Paramount ya zuba miliyan 65 ya karɓi haƙƙin nunawa a Amurka da Kanada, Fox ya ɗauki sauran nauyin ya riƙe sauran ƙasashen duniya.

Hanya ta biyu ta furodusa mai zaman kansa ce, kuma nan ne mafi yawan finafinan duniya suke. Shi tsince-tsince yake yi. Wani attajiri ya zuba jari, wata tashar talabijin ta sayi haƙƙin nunawa tun ba a fara ba, wata hukuma ta ba da tallafi, banki ya ba da rance, jarumi ya yarda a jinkirta masa wani kaso na ladansa sai fim ya fita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wahalar ita ce kowannensu yana jiran ya ga ɗan'uwansa ya sa hannu kafin shi ma ya sa. Shi ya sa haɗa kuɗin kan ci shekaru, ɗaukar fim ɗin kuwa makonni ne kawai.

Ta yaya ake sayar da fim ɗin da ba a riga an ɗauka ba?

Wannan shi ne abin da ya fi ba baƙon harkar mamaki. Duk watan Mayu, yayin da 'yan jarida ke ɗaukar hoton taurari a bikin Cannes na Faransa, a ƙasan zauren bikin da ɗakunan otal-otal na kusa wata kasuwa ce ke ci, wadda aka kafa tun 1959. Ka leƙa ɗaki ɗaya: an jingine gado gefe ko an fitar da shi, an kafa teburi, an manna fostoci a bango. Dillalin fim yana zaune da takarda mai jerin ƙasashe, kowace ƙasa da farashin da yake nema da kuma mafi ƙarancin da zai karɓa. Mai saye daga Japan ya shigo na rabin awa, ya fita, na Jamus ya shigo. Fostar da suke dubawa ta fim ce da ko kyamara ba a kunna ba. Abin da ke hannu shi ne rubutun labari, sunan darakta, da sunayen jarumai biyu da suka amsa za su fito.

Za ka ce cinikin biri a sama ne, amma akwai igiya a ƙugun birin. Mai sayen ba ya ba da kuɗin duka a ranar. Yana sa hannu ne a kan cewa ranar da aka kawo masa fim kammalalle, da jaruman da aka ambata, zai biya kaza. Furodusa ya tattara irin waɗannan takardu daga ƙasashe goma ko ashirin, ya kai banki a matsayin jingina, banki ya ba shi rancen da zai yi aiki. Idan da saura, wasu bankuna kan ƙara rance a kan ƙasashen da ba a sayar wa ba tukuna, da kuɗin ruwa mai tsada domin kasadar ta fi yawa. Irin wannan kasuwa tana ci a Balin ta Jamus a watan Fabrairu, da Toronto a Satumba, da Amurka a Nuwamba.

A nan ne amsar wata tambayar take, wato me ya sa ake ta maimaita fuskoki iri ɗaya. Mai saye bai ga fim ba, suna ya gani. Ya san abin da finafinan wannan jarumin uku na baya suka kawo a ƙasarsa, da wannan yake lissafi. Sau da yawa sabon ɗan wasa ya fi dacewa da rawar, amma ba a iya kai sunansa banki.

Idan kuɗi ya ƙare ana tsakiyar aiki fa?

Rabin fim ba shi da kasuwa ko ta sisi. Saboda haka banki ba ya sakin rance sai an kawo masa kamfanin da ya tsaya wa fim ɗin, wani nau'in inshora da ke alkawarin ko dai a kammala, ko a mayar wa masu kuɗi kuɗinsu. Ɗaya daga cikin tsofaffin kamfanonin wannan aiki, Film Finances, an kafa shi a Landan a 1950. Suna karanta kasafin kuɗi layi-layi, suna karɓar rahoton kowace ranar ɗauka, kuma yarjejeniya ta ba su ikon karɓe ragamar aikin idan ya kauce hanya.

Tarihi ne ya koya wa masu kuɗi wannan tsoron. Heaven's Gate na 1980 ya ninka kasafinsa sau da yawa har ya kai dala miliyan 44, ya dawo da kusan miliyan 3.5 a silima. A 1981 aka sayar da kamfanin United Artists da ya yi shi ga MGM.

Me ya kai gwamnatoci cikin harkar?

Dalili biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su ba. Wasu aikin yi suke nema wa mutanensu. Jihar Jojiya ta Amurka tun 2008 tana ba da rangwamen haraji na kashi 20 cikin 100 na abin da aka kashe a jihar, da ƙarin kashi 10 idan aka sa tambarinta a fim. Shi ya sa za ka ga labarin da aka ce yana faruwa a wani gari, alhali a Atlanta, babban birnin jihar, aka ɗauke shi. Masana tattalin arziki suna ta gardama ko abin da ake samu ya kai harajin da aka yafe, domin da zarar wata ƙasa ta ba da rangwamen da ya fi, masu fim kan naɗe kayansu su koma can.

Wasu kuwa harshensu da al'adunsu suke karewa. Faransa ta kafa hukumar finafinanta, CNC, a 1946. Ana cire sama da kashi 10 cikin 100 daga kowane tikitin silima, ko da na fim ɗin Amurka ne, a zuba cikin asusun da ke tallafa wa masu shirya finafinai da masu rarrabawa da gidajen silima na ƙasar. A ganina wannan tsarin ya fi hikima, domin kuɗin daga cikin harkar yake fitowa ya koma cikinta, kuma duk babban fim ɗin waje da ya ci kasuwa yana ciyar da ƙananan na gida.

Karo-karo ta intanet yana iya ɗaukar nauyin fim?

Yana iya, idan kana da jama'a tun kafin ka nema. A 2013 masoyan shirin Veronica Mars sama da 91,000 suka tara dala miliyan 5.7 a Kickstarter domin a mayar da shi fim. Amma shirin ya yi shekaru uku a talabijin kafin nan. Wanda ba a san shi ba, abin da zai tara ba kasafai yake wuce na dangi da abokai ba.

Kayan kamfanonin da ake gani a cikin fim, biya suke yi?

Wani lokaci kuɗi, wani lokaci kaya kyauta irin su motoci da wayoyi, wani lokaci talla. A E.T. na 1982 kamfanin Mars ya ƙi yarda a yi amfani da alawarsa, sai Hershey ya karɓa da tasa mai suna Reese's Pieces, ya kuma ɗauki nauyin tallata fim ɗin tare da alawar. Ciniki ya tashi wa dukansu biyu. Babban kuɗin dai yana ɗaya ɓangaren, wato kayan wasan yara da riguna masu hoton fim. George Lucas ya riƙe wa kansa wannan haƙƙin a Star Wars na 1977, lokacin da ba a ɗauke shi bakin komai ba. A 2012 ya sayar da kamfaninsa ga Disney a kan kusan dala biliyan 4.

Mene ne ainihin aikin mai rarraba fim?

Kafin a fahimci aikinsa sai an gane abin da ake saye da sayarwa. Ba fim ɗin ake sayarwa ba, izinin nuna shi ake sayarwa, kuma izinin ana yanka shi ta fuska uku: a wace ƙasa, ta wace hanya, har tsawon shekara nawa. Fim ɗaya yana iya zama a hannun wani kamfani a silimun Italiya, a hannun wani a talabijin ɗin Brazil, wani kuma ya riƙe na jiragen sama. Duk wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin kasuwar.

Mai rarrabawa shi ke sayen yanki, ya zaɓi ranar fitowa, ya shawo kan gidajen silima su ba shi ɗakuna da lokuta masu kyau, ya kai fim hukumar tacewa ta ƙasar, ya sa a yi fassarar murya ko ta rubutu, ya biya talla, sannan ya bi kuɗi ya karɓo. Da can kowane gidan silima sai an buga masa nasa naɗin fim mai nauyi, wanda kan ci fiye da dala 1,000 kowanne. Yanzu fayil ne a kulle, ana aika shi a ma'ajiyar kwamfuta ko ta intanet, tare da mabuɗin sirri da ke aiki a majigi ɗaya kawai, daga rana kaza zuwa rana kaza.

Wanda ya riƙe wannan hanyar shi ke da ƙarfi, kuma an daɗe da sanin haka. A zamanin da manyan kamfanonin Hollywood suka mallaki gidajen silima, sukan tilasta wa masu silima masu zaman kansu sayen finafinai a dunƙule: kana son mai kyau ɗaya, sai ka haɗa da tarkacen da ba ka ko gani ba. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar gwamnati da Paramount, aka hana wannan, aka raba kamfanonin da gidajen silimarsu. Dokokin da suka biyo bayan hukuncin sun yi aiki har 2020.

Kuɗin tikitina ina yake tafiya?

Mu ɗauki misali, a ce abin da ya rage bayan haraji 100 ne. Gidan silima kan riƙe kusan rabi, ya danganta da ƙasa da ƙarfin fim ɗin. A Sin kamfanonin waje kashi 25 kawai suke samu a finafinan da ake raba kuɗinsu. Ribar mai silima ta gaskiya ma tana wurin gugguru da lemo, domin wannan ba ya raba shi da kowa.

Saura 50 sun iso hannun mai rarrabawa. Ya fara cire la'adarsa, a ce kashi 30 na abin da ya shigo, 15 ke nan. Daga 35 da suka rage zai cire duk abin da ya kashe a talla, sannan ya cire kuɗin kafin alƙalamin da ya ba furodusa. Idan wani abu ya tsallake, dillali ya ɗauki kamashonsa, banki ya karɓi bashinsa da ruwa, masu jari su karɓi uwar kuɗinsu da ɗan ƙari. Sai bayan duk wannan ake maganar riba, ita ma akan raba ta biyu tsakanin masu jari da furodusa, kuma daga rabin furodusa ne ake sallamar marubuci da darakta da 'yan wasan da aka yi wa alkawarin kaso. Shi ya sa 'yan harkar ke ƙiyasin cewa babban fim sai ya tara ninki biyu zuwa biyu da rabi na kuɗin yinsa a silima kafin a ce ya fita kunya.

Da gaske fim kan tara ɗaruruwan miliyoyi a ce bai ci riba ba?

Da gaske ne, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai a harkar. Marubuci Art Buchwald ya kai Paramount ƙara a kan Coming to America na 1988. A 1990 kotu ta yarda cewa daga tunaninsa aka gina labarin. Da aka zo biyan kasonsa na riba, kamfanin ya ce fim ɗin da ya tara sama da dala miliyan 280 bai ci riba ba. Alƙali ya ce tsarin lissafin ya wuce abin da adalci zai ɗauka, daga baya aka sasanta. A 2010 kuma wata takardar lissafi ta fito fili tana nuna fim na biyar na Harry Potter, wanda ya tara fiye da miliyan 900, da giɓin miliyan 167.

Ba sai an yi ƙarya ake kai wa ga haka ba. Kamfani yana cajin fim ɗinsa la'adar rarrabawa, kuɗin ofis, kuɗin ruwa a kan jarin da shi ya zuba, har da kaso a kan tallar da wani reshensa ya yi. Kuɗin yana fita daga aljihun dama ya shiga na hagu, amma a takarda an kashe shi.

Na taɓa zama da wani matashin furodusa da takardar lissafin fim ɗinsa na farko, shafi biyu, bayan shekara biyu da fitowa. Ya sa yatsa a layin sama inda aka rubuta abin da ya shigo, fuskarsa ta washe. Muka bi layukan ƙasa ɗaya bayan ɗaya: tafiye-tafiyen kasuwa, liyafa, sake yin fosta, ajiyar kaya. Da muka iso layin ƙarshe ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, wato ni ne ma ake bi bashi?" Haka ne. Yarjejeniyar da ya sa wa hannu ba ta ƙayyade iyakar abin da za a kashe da sunansa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Manyan taurari sun san wannan, shi ya sa suke neman kasonsu daga kuɗin da ya fara shigowa, ba daga abin da ya rage ba.

Me ya sa ake jira kafin fim ya iso gida?

Domin a sayar da abu ɗaya sau da yawa, a fara da mai biya da tsada. Silima tukuna, sai haya da saye ta intanet ko faifai, sai tashoshi da manhajojin da ake biya duk wata, a ƙarshe talabijin na kyauta. Shekaru da dama gidajen silima a Amurka suna da kusan kwana 90 su kaɗai. Annobar korona ta rushe wannan. A Yulin 2020 Universal da gidajen silima na AMC suka amince da kwana 17. A 2021 Warner Bros. ya fitar da finafinansa na shekarar a silima da manhajarsa rana ɗaya, kuma a shekarar ce Scarlett Johansson ta kai Disney ƙara saboda irin wannan fitarwar ta taɓa kasonta a Black Widow, aka sasanta bayan wata biyu. Faransa kuwa doka ce ke tsara jeren: a yarjejeniyar 2022 tashar Canal+ na jiran wata 6, Netflix wata 15.

Zuwan Netflix da ire-irensa alheri ne ga masu fim?

Ta wata fuskar alheri ne babba. Fim daga ƙaramar ƙasa yana iya isa ƙasashe sama da 190 a dare ɗaya, abin da da can sai an bi kasuwanni shekara biyu. Kuma suna biya. Apple ya sayi CODA a bikin Sundance na 2021 a kan dala miliyan 25, fim ɗin ya zo ya ci babbar kyautar Oscar a 2022.

Amma yawanci saye ne na gaba ɗaya: a ba ka kuɗin aikinka da riba a kai, a karɓe duk haƙƙoƙin duniya. Ba za ka yi asara ba, amma idan fim ɗin ya zama abin da duniya ke magana a kai, babu ƙarin da zai biyo ka. Tikitin silima kowa na iya ƙirga shi, yawan masu kallo a manhaja kuwa kamfanin ne ke da alƙaluman. Wannan na cikin manyan dalilan da suka sa marubuta da 'yan wasan Amurka suka yi yajin aikin watanni a 2023.

Me ya sa talla ke cin kuɗi haka?

Domin kowane fim sabon kaya ne da ba wanda ya taɓa ɗanɗanawa, kuma kwana uku yake da su ya nuna kansa. Da can akan fara da silimu kaɗan a manyan birane, labari ya bazu a hankali. A watan Yunin 1975 Universal ya saki Jaws a silimu sama da 400 lokaci guda, bayan ya cika talabijin da tallarsa. Nasarar da aka samu ta sauya tsarin. Yau babban fim kan buɗe a silimu fiye da 4,000 a Amurka kaɗai, kuma tallarsa a duniya kan haura dala miliyan 100, kuɗin da ba ya cikin kasafin da ake faɗa wa jama'a.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Makonni kafin fitowa ana ta tambayar mutane ko sun ji labarin fim ɗin, ko suna da niyyar zuwa. Daren Juma'ar farko kamfanin CinemaScore na raba wa masu fitowa kati su ba da maki. Kafin wayewar garin Asabar masu harkar sun riga sun ƙiyasta inda fim ɗin zai tsaya. Ranar Litinin masu silima ke yanke shawarar wanda za a ƙara wa ɗaki da wanda za a rage wa. Fim mai kyau da bai samu jama'a a makon farko ba sau da yawa ba ya samun na uku, kuma wannan asara ce ga masu kallo su kansu.

Ranar fitowa ma dabara ce: hutun makaranta, bukukuwa, da kauce wa babban abokin hamayya. Wani lokaci karon kan zama alheri. Barbie da Oppenheimer sun fito rana ɗaya, 21 ga Yulin 2023, jama'a suka mayar da haɗuwar abin nishaɗi a intanet, na farko ya haura dala biliyan 1.4, na biyu ya haura miliyan 900.

Wa ke haɗa tirela, wato gajeren tallan fim, kuma me ya sa wani lokaci take saɓa wa fim ɗin?

Yawanci ba darakta ba ne. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, kuma mai rarrabawa suke yi wa aiki. Akan haɗa iri-iri a gwada a kan mutane, a ɗauki wadda ta fi jan hankali, ko da ta nuna fim mai sanyi kamar na faɗa. Fim ɗin kansa ana gwada shi a gaban 'yan kallo kafin a rufe aiki. An sake ɗaukar ƙarshen Fatal Attraction na 1987 saboda masu kallon gwaji ba su gamsu da na farko ba. A 2019 kuma da tirelar Sonic the Hedgehog ta fito, jama'a suka yi ca a kan siffar da aka yi wa Sonic, har aka ɗage fim ɗin zuwa Fabrairun 2020 aka sake zana shi. Sauraron jama'a yana da kyau, amma tirelar da ta yi alkawarin abin da babu tana cika silima ranar Juma'a ne ta kwashe ta ranar Lahadi.

Ƙaramin fim marar kuɗin talla yana da mafita?

Yana da ita, siririya ce dai. The Blair Witch Project na 1999 an ɗauke shi da abin da bai wuce dala 60,000 ba. Masu shi suka buɗe shafin intanet da ke ba da labarin kamar da gaske ya faru, suka raba takardun cigiyar 'yan wasan, mutane suka yi ta gardama. Ya tara kusan miliyan 250. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kamfanin Artisan da ya saye shi a Sundance ya zuba miliyoyi a talla daga baya.

Misalin da ya fi amfani shi ne Parasite na Koriya ta Kudu. Ya ci babbar kyautar Cannes a Mayun 2019. A Oktoba kamfanin Neon ya buɗe shi a silimu uku kacal a Amurka, ɗakuna suka cika, wanda ya gani ya gaya wa wanda bai gani ba, ana ƙara silimu mako-mako. A Fabrairun 2020 ya zama fim na farko da ba da Turanci aka yi ba da ya ci babbar kyautar Oscar. Haƙuri da bakin jama'a ne suka yi aikin. Sai dai a tuna, dubban finafinai ke neman shiga Sundance duk shekara, dogayen finafinan da ake zaɓa kusan ɗari ne kawai, kuma ko a cikinsu da yawa kan koma gida ba mai saye.

Ko'ina haka tsarin yake?

Ƙashin bayan ɗaya ne, naman ya bambanta. A Indiya an daɗe da raba ƙasar shiyya-shiyya, irin su Bombay da Delhi-UP da Nizam, kowace da masu rarrabawarta. Waƙa a can kaya ce mai zaman kanta: ana sayar da haƙƙinta ga kamfanoni irin su T-Series, a sake ta makonni kafin fim, ta zama ita ce tallar. Idan aka haɗa da haƙƙin talabijin da na manhaja, fim ɗin babban tauraro kan maido da kaso mai tsoka na kuɗinsa tun ba a sayar da tikiti ɗaya ba. Sai a 1998 gwamnatin ƙasar ta amince da fim a matsayin masana'anta, abin da ya buɗe ƙofar rancen banki. Kasuwa kuma tana ɓullowa inda ba a zata ba: Dangal ya samu kuɗi a Sin a 2017 fiye da abin da ya samu a Indiya.

Mai fim na farko, me zai duba kafin ya sa hannu?

Ya fara da tambayar wa zai kalli fim ɗin, kuma ta wace hanya zai isa gare shi, tun kafin ya nemi kyamara. Tun ran gini tun ran zane. Ya ware kuɗin talla a cikin kasafi, ya sa mai ɗaukar hoto a wurin aiki domin fosta da 'yan jarida, abin da masu farawa ke mantawa sai an watse.

A yarjejeniya kuwa ya nemi lauyan da ya san harkar, su duba shekara nawa aka ba da haƙƙin, waɗanne ƙasashe, waɗanne hanyoyi. A rubuta iyakar abin da mai rarrabawa zai kashe ya cire. A rubuta lokacin kawo lissafi da 'yancin aika mai binciken kuɗi. A hana cike asarar wata ƙasa ko wani fim da ribar nasa. A kuma rubuta cewa idan ba a fitar da fim ɗin cikin wa'adi ba, ko kamfanin ya durƙushe, haƙƙin ya dawo hannunsa.

Sannan ya adana takardunsa: izinin marubuci, sa hannun kowane ɗan wasa, da izinin kowace waƙa da ta shiga, ko da daga rediyon mota aka jiyo ta a bayan magana. Babban mai saye yana neman waɗannan kafin ya biya, tare da sautin fim da aka ware muryoyi daban da kiɗa domin masu fassara. Waƙa ɗaya ta daƙiƙa 20 da ba a nemi izininta ba ta isa ta tsayar da ciniki, sai an biya mai ita abin da ya yanka ko an koma ɗakin tacewa an cire ta.